Tabo a Jikin Rana

Zuwa ga Yaya Mamman a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan Badafi lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ran da muke ƙona sharar gona, da yamma, hayaƙi ya rage wa rana haske, sai muka ga baƙin tabo a jikinta. Baba ma ya gani da idonsa. Na tambayi malamin gona a kasuwar Ƙafin Maiyaki. Ya ce rana tana da shekarun da take tashi, tabo ya yawaita, zafinta ya ɗan ƙaru, kuma wasu masana suna zaton hakan yana taɓa damina. Na ce ruwa zai ƙaru ko zai ragu? Ya ce wallahi ba wanda ya sani.

To, Baba ya ce shi ya sani. Wai damina za ta gajarta, don haka zai yi binne da irin dawarmu gaba ɗaya tun ruwa bai sauka ba. Na ce in aka yi yayyafi ya tsiro, sannan ruwa ya ɗauke fa? Ya ce in rufe masa baki.

Yaya, na kwashe rabin irin na ɓoye a ɗakinka. In ya tambaya, zan ce kai ka sa ni. Don Allah ka rubuto ka sa ni ɗin, da wuri.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Yaya Hajara da yara.

Ƙaninka,
Garba