Ɗinki Babu Zare

Kazaure,
4 ga Oktoba, 1992.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman Dutse? Ya murar da ka tafi da ita? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto in sanar da kai cewa Inna ta zo daga Roni ranar Laraba ta tafi da yaron yaye, kamar yadda kuka shirya da ita. Ta ce wata ashirin da biyu ya isa, ga sabon gero ya shigo, ba zai rasa kunu ba. Na ƙulle masa rigunansa da ɗan kofinsa a ɗankwali na miƙa mata. Da za su fita ta tambaye ni ko akwai abin da ya kamata ta sani game da shi. Na sunkuyar da kai na ce babu.

To me zan ce? Ɗan fari ne, ga mahaifiyarka tsaye a kaina. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in buɗe baki in fara lissafa mata abin da yake so da wanda ba ya so. Kafin mako labarina ya gama Roni, a ce an kawo wa Inna suruka marar kunya. Ko rakiya zuwa zaure ban yi ba. Na koma ɗaki na zauna ina jin kukansa har suka sha kwana.

Amma akwai abin da ya kamata ta sani. Wataƙila ba zai zama komai ba, yara suna da saurin mantuwa.

Tun da aka ƙirƙiro jihar nan aka kwashe ku zuwa Dutse ban taɓa jin gidan nan ya yi mini girma ba sai yanzu. Tuwon da na tuƙa jiya sai da ya kwana ya wuni. Ƙirjina ya cika yana ciwo, amma maƙwabciyarmu Dinatu, mai aikin asibitin nan, ta nuna mini yadda zan ɗaure da zane, ta ce zai sauka da kansa. Ɗinki kuwa ya taru, na kasa zama a kan keken ɗinkin.

In ka sami mai zuwa ka aiko da amsa, ko da layi biyu ne. Na san hannunka ba ya ciwo sai in takardata ce.

Matarka,
Barira.

Kazaure,
12 ga Oktoba, 1992.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya. Ban ga amsarka ba, na ce ko direban bai kai maka takardar ba ne. Wannan kam don Allah ka karanta ta a zaune.

Ƙanwarka Tasalla ta shigo yau daga Roni, ta zo sayayya. Sai da muka gama gaisawa, muka gama zancen girbi da na auren 'yar maƙwabtansu, ina ta jira, sannan ta ga dama ta kawo zancen yaron. Ni kuwa na kama tsintar tsakuwa a shinkafa kamar ba da ni take ba. Ta ce kwana goma sha biyu ke nan bai yi barcin kirki ba. Ya ɗan gyangyaɗa a bayan Inna, da an sauke shi ya zabura da kuka. Da rana ma haka. Ya ƙi kunu, idonsa ya faɗa, yaron da ke bin kaji da gudu yanzu sai ya zauna yana jan kunnensa yana ƙananan koke-koke. An yi masa rubutu, an yi hayaƙi, an ɗaura masa laya. Inna kanta ta rame, don ita ma ba ta runtsawa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, wani mai tallan magani ya ce wa Inna ranar kasuwa mai zuwa zai kawo mata wani na kwalba, cokali ɗaya yaro ya kwana ya wuni yana barci. Da Tasalla ta tafi na faɗa wa Dinatu. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce yaro kamar wannan yana bukatar barcin da ya kai rabin yini da dare in an haɗa, kuma rashinsa ne ya hana shi cin abinci, amma irin wannan maganin ba na yara ba ne, ta ga wanda aka ba bai farka ba. Ta ce yaro ba ya rasa abin da ya saba yin barci da shi, ta tsare ni da ido ta ce in faɗa mata nasa.

Ita na faɗa mata, kai ma bari in faɗa maka, tunda takarda ba ta da idon da zan ji kunya.

Ka tuna duk ƙarshen wata in ka zo kana yi mini tsiya, wai wace irin tela ce ba ta ɗinki sai bayan azahar da bayan isha? Ba ɗinki nake yi ba. Yana wata tara aka yi maka canjin wurin aiki, ya dinga kuka, ni kaɗai a gida, ba wanda zan miƙa wa. Wata rana na gaji na shimfiɗa masa tabarma a gefen keke na ci gaba da aikina, ban kai ƙarshen kalmasa ba na ga ya yi barci. Tun daga ranar bai taɓa barci ba sai da ƙarar keken nan. In babu ɗinki sai in zare zaren in yi ta takawa haka nan, ina kallonsa har numfashinsa ya daidaita. Ni na saba masa. Na kuma ji daɗin saba masan, don a lokacin ne kaɗai nake kallonsa son raina ba mai ganina.

Wannan ne abin da na kasa faɗa wa Inna. Ko Tasalla na kasa, na bar ta ta tafi da saƙon gaisuwa kawai. Ina jin haushin kaina ƙwarai.

Kai ɗanta ne, bakinka ba nauyi. Don girman Allah ka aika mata kafin ranar kasuwar, ka ce kada a ba shi maganin nan. Ko ka ba ni izini in je. Ina zuba ido.

Matarka,
Barira.

Kazaure,
20 ga Oktoba, 1992.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina neman gafararka tun kafin ka karanta sauran. Na fita ba da izininka ba.

Kwana uku na yi ina aikawa tasha ko an zo da takarda, shiru. Ranar Alhamis da safe na kwance kan keken na naɗe shi a bargo, mijin Dinatu ya taimaka aka ɗora ƙafafun a bayan a-kori-kura, na bi su Roni. A hanya na shirya ƙaryata: na zo yi wa Tasalla ɗinkin bikin maƙwabtansu ne. Gidanta na sauka, ka san katanga ɗaya ce tsakaninsu da Inna. Ban shiga gaida Inna ba, na aika cewa ina tsoron yaron ya gan ni yayen ya lalace, wannan kam gaskiya ne.

Tun daga zaure na ji muryarsa. Ta dishe, ba don na san ta ba da na ce ɗan akuya ne. Tasalla ta ce a kafa keken a rumfa inda akwai inuwa, na ce a'a, hasken jikin katanga ya fi. Ta dube ni, ta dubi ranar da ke dukan wurin, ta kama mini muka kafa shi a nan.

Ana sallame azahar na hau. Na kasa zura zare a allura, sai na bar shi na kama takawa. Kukan ya ci gaba, har na ce a raina shi ke nan, ya manta. Can sai ya fara tsinkewa. Ya yi, ya tsaya, kamar mai saurare. Ya ƙara yi kaɗan. Daga nan sai ajiyar zuciya, irin wadda yake yi sau uku a jere. Ban daina ba. Na taka har aka kira la'asar, ƙafafuna suka yi tsami, rana ta gasa mini ƙeya, ina tsoron in tsaya.

Ban san lokacin da Inna ta zagayo ba, sai inuwarta na gani a kan keken. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, amma idonta na kan allura, ba zare, ba ƙyalle a ƙarƙashinta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ta manta carbinta a ɗaki, ƙafarta na ciwo, in je in ɗauko mata. Carbin kuwa yana wuyanta, ina ganinsa.

Na shiga. Yana kwance rub da ciki a kan gadonta, baki buɗe, hannu ɗaya ya saƙalo ƙasa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ban taɓa shi ba, na dai gyara masa hannun da gefen zane. Na tsaya iya tsayuwar da mai neman carbi zai yi, na ƙara kaɗan, na fito. Sai bayan magariba ya farka, ya sha kunu kofi biyu.

Kwana biyu na yi. Inna ta ce ba zan zauna ba, in ya ji ƙamshina aikin ya koma baya, kuma gidanka ba kowa. Ta ce amma keken zai zauna. Aka shigar da shi ɗakinta lokacin da Tasalla ta goya yaron zuwa maƙwabta, na koya mata takawa. Da ka ga mahaifiyarka tana kokawa da shi, yana komawa da baya tana yi masa faɗa, da ka yi dariya. Kafin in taho ta iya. Mai maganin ya zo ranar kasuwa, ta ce ya ƙara gaba. Har na hau mota ba ta yi mini zancen ɗinkin babu zaren ba, ni ma ban yi ba. Gyaɗa kawai ta ƙulla mini, ta ce in dinga cin abinci.

Yanzu ga ni a gida. Na mayar wa mutane yadinsu na ba su haƙuri. Inda keken yake sai sawun ƙafafunsa huɗu a daɓe. Ashe ba shi kaɗai na saba wa ba. Bayan isha nakan zauna a bakin gado in ga ƙafafuna suna takawa da kansu, barcin kuma ya ƙi zuwa.

Jiya Tasalla ta aiko cewa yana barcin rana da na dare, har ya koma bin kaji. In ka zo ƙarshen wata, ka fara biyawa ta Roni kafin ka iso nan. Ka daidaici bayan azahar, kada ka tashe shi, ka duba mini shi da kyau ka zo ka ba ni labari. Ka duba mini Muhammadu Lawal. Ka ga na rubuta. In ka gama karantawa ka ɓoye takardar.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Barira.