Ɗiya Guda Ta Ishe Ni

Zuwa ga Mu'minat, sanyin idona, inuwar gawona a tsakar rani, ruwan randata ranar ƙishi. Gaisuwa daga wanda kewarki ta hana shi jin daɗin tuwo.

Saƙonki ya iso ta bakin yayarki Uwa: wai in sawwaƙe miki, tunda likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ranki. Haba Mu'minat! Ni Kalilu za ki aiko wa wannan magana?

Kin tuna ranar da na raka ki shingen iyaka za ki Maraɗi wankan gida? Kina tafe da tsohon ciki, kina yi mini tsiya wai ni mai ɗauke da jaka na fi ki haki. Dariyar nan har yau tana kunnena.

Kika sauka lafiya. Ana tsakar jego ƙirji ya riƙe, ciwo ya gangara hannu, zufa ta karyo. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ki, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara kanwa a kunu. Allah sarki, ƙauna ce ta sa su! Wa zai kawo ciwon zuciya ga yarinya ɗanya shakaf, ba hawan jini, ba ƙiba? Sai da aka kai ki asibiti aka gano ashe jijiyar da ke kai wa zuciyarki jini ce ta tsage daga ciki, haka kawai, kamar yadda shafi ke rabuwa da riga, jini ya shiga tsakani ya toshe hanya. Ana watsa miki ruwan zafi, ke kuwa mutuwa kike, kina cije baki don kada a ce kin yi raki. Duk sanda na tuna sai hawaye.

Allah ya dawo mini da ke daga bakin kabari, sannan ni in sake ki da hannuna? Wallahi ba zan iya ba. Kullum ina kan babur a bakin shinge, fasinja na kira ba na ji, duk motar Maraɗi da ta tsaya sai na leƙa.

Ki sha magani, ki huta, ki dawo mini da ɗiyarmu Safiyatu a goye. Ba na neman ƙanenta. Ɗiya guda ta ishe ni, in dai uwarta ce za ta yi mata kitso.

Mijinki yau, mijinki har a Aljanna in Allah ya yarda,
Kalilu, Jibiya.