Farin Ƙwan da Sani Ya Saka

Agege, daren Laraba.

Yau ɗana Sani ya zo daga Mushin, ya cire jan ƙwan falo ya saka fari. Bai tambaye ni ba. Ya ce, "Baba, yanzu sai ka karanta jaridarka ba wahala." Na ce Allah ya yi albarka.

Marigayiya mahaifiyarsa ce ta zaɓi wancan ƙwan. Ta rataya faifai ƙarƙashinsa don hasken ya yi laushi, ta ajiye ƙaramar fitila kusa da keken ɗinkinta. Shekara biyu ke nan, in na dawo magariba, sai in ga kamar ta leƙa kicin ne kawai.

Yanzu falon kamar asibiti. Ba lungun da ba na gani, kuma ba kowa a ciki.