Tirelar da ka zaɓa kana barci

Yaya Farouk,

Na tafi kasuwar Garki sayen zare. Kokonka na cikin kula.

Oga Yamusa mai walda ya zo da safe kana barci, ya kawo tirela biyu ka zaɓi wadda za ka ɗaura wa motarka ta ja babur ɗinka zuwa Zariya. Ɗaya ƙarama ce ja mai ƙyalli, irin wadda kake so. Ɗayar tsohuwa ce mai faɗi, fentinta ya koɗe, amma ta fi araha, kuma ya rantse tayoyinta sababbi ne.

Ya ce in tashe ka. Ni kuwa ina ni ina tashin babban yaya? Sai na auna su da mayafina, na ce masa mai faɗin ka zaɓa.

Jiya ka ce keken ɗinkina a Mpape zai zauna, don babu wurinsa a mota. Ban ce komai ba, ka san ba na iya musu da kai ido da ido.

Don Allah kada ka mayar da ita, ya riga ya tafi Orozo da jar.

Na ɗaure kekena a ciki da igiyar shanya. Idan ka lallaɓa, babur ɗinka ma zai samu wuri.

Ƙanwarka,
Hadijatu