Baba, Wa Ya Hau Dutsen Ɗa'ifa?

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Maikano direba, da ke kwance a maƙabartar Al-Ud a nan Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan ɗa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa fushi nake yi da kai. Na san ba tarbiyyar da ka ba ni ke nan ba. Amma shekara huɗu da rasuwarka, sai a watan nan na gane abin da ka yi mana, kuma in na haɗiye shi zai kashe ni.

Ka tuna hutun da kake zuwa Ɗambatta? A shimfiɗa maka tabarma bayan la'asar, ga Inna, ga ni, ga ƙanena Sa'idu, ga duk maƙwabcin da ya samu wurin tsugunawa. Riyad ba ka ba da labarinta, ka ce ba komai cikinta sai zafi da kwalta. Labarin bazara kake yi, lokacin da kake tuƙa iyalin kafilinka, Balaraben da kake wa aiki, su gudu daga zafi zuwa duwatsu.

"An je Ɗa'ifa," haka kake farawa. An hau telefirik, akwatin gilashin nan da ke tafiya rataye a waya daga kan dutse zuwa gindinsa, gajimare a ƙarƙashin ƙafar mutum. An shiga gonar wardi, an ga yadda ake tatsar turare daga fure. An zaga tsohuwar fada mai tagogin katako. Daga nan an gangara Jidda, an ci kifi a bakin teku, an shiga jirgin ruwa, an kalli ruwan da ake harbawa sama daga cikin Bahar Maliya.

An je, an hau, an ci. Mu duk mun ɗauka kawaicin dattijo ne da ba ya son cewa "ni", kamar yadda in an gaishe ka kake cewa ana nan, ana godiya.

Hotonka har yau yana rataye a ɗakin Inna. Kai da farin kaftani, dutse a bayanka, akwatin gilashi na wucewa saman hularka. Duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta ɗaga yatsa ta ce mata mai gidanta ya hau wannan abin, bai ko ji tsoro ba.

Saboda hoton nan na rufe shagon ɗinkina, Baba. Da ɗan kafilinka ya aiko cewa gurbinka na nan in akwai mai so, ban yi shawara da kowa ba. Shekara uku ina kai yara makaranta, ina ɗauko kwandunan tumatir daga kasuwar Aziziya, ina gaya wa kaina wata rana za a je. Bana suka ce za su Ɗa'ifa a mota. Kamar wawa, har guga na yi wa kaftanina.

Yini guda na yi ina tuƙi. Da muka isa wurin hawa telefirik na kashe mota, na fito ina gyara hula, na bi bayansu taku uku. Maigida ya waiwayo, ba da faɗa ba, har da murmushi, ya ce, "Istanna hina." Jira a nan.

Sai a lokacin na ga sahun direbobi. 'Yan Indiya, 'yan Sudan, da namu, kowa jingine da motar ubangidansa. A cikinsu wani tsoho ɗan Damagaram, Malam Ilu, ya ƙura min ido, ya ce wannan goshin na Maikano ne. Ya riƙe hannuna ya kai ni ƙarshen filin ajiye motoci, ya nuna min dakalin da kuke zama. Ya ce shekara da shekaru nan ne Ɗa'ifarku, kai da shi. Ya tsayar da ni a wani lungu ya ce in ɗaga kai. Ga dutsen, ga wayar, ga akwatin gilashin yana wucewa sama da hulata. Shi ya ɗauke ka hoton. Ya ce sai da ka sa shi ya matsa hagu don kada kwandon shara ya fito.

Ashe turaren wardin da kake kawo wa Inna tsaraba, a hannun mai talla kake saya, a bakin filin. Kifin Jidda kuwa na ci nawa bayan kwana huɗu, ragowar da aka miƙo min a leda, ina zaune a bayan mota, ina jin ƙarar teku ta bayan katangar otal.

Tun daga nan nake bin maganganunka ɗaya bayan ɗaya ina neman inda ka yi ƙarya, don in samu abin kamawa. Babu. Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa "na hau" ba. An hau ɗin gaskiya ne, wasu sun hau. Wannan ya fi ƙona min rai, Baba. Ka san abin da muke ji, ka ga idona yana ƙyalli, ka ƙyale ni. Da ka kira ni gefe sau ɗaya ka gaya min a kan dakali kake yini, da ina nan bakin kekena ina ɗinkin Sallah.

Iyalin maigida ma ina jin haushinsu. Ba mugaye ba ne, ba su taɓa zagina ba, suna aiko min da abinci. Kawai bai taɓa faɗo musu a rai ba cewa mutumin da ya haura da su dutsen nan lafiya yana da idon da ke son kallo. Kai ka yi shekara ashirin da ɗaya a haka, kana cewa an gode.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da muka dawo, Sa'idu ya turo min saƙon murya yana tambayar yadda Ɗa'ifa take. Na danna wayar, na buɗe baki, na ji kaina ina cewa an je, an hau, an ga gajimare. Muryarka ce sak ta fito daga bakina. Kunya ce ta hana ni faɗa wa ƙanena cewa gadin mota na yi. A nan na gane ba mugunta ka yi mana ba, kunya ce kai ma ta riƙe maka harshe, da son mu ɗaga kai a cikin unguwa. Na zauna a bakin katifa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce ka rasu.

Yanzu Sa'idu ya samu mai sayen injin waldarsa. Ranar Juma'a za su ƙulla ciniki, ya fara neman biza, matarsa kuma na da tsohon ciki. Na yi ta ɗaukar waya in gyara maganata, bakina na ƙi. Shi ya sa na rubuta a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani, don na san shi ma zai karanta. In ya ga dama ya zo bayan haka, to ya zo da idonsa a buɗe.

Ka yafe min, zan tona abin da ka rufe. Ni ban hau ba. Kai ma ba ka hau ba. Na san kafin magariba wani zai karanta wa Inna, kuma ban san da wane ido za ta kalli bangon ɗakinta gobe ba. Wannan nauyin ni zan ɗauka.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka, Ya yafe min ɗaga murya da na yi. Ya saka maka da kowane yini da ka ƙone a rana domin mu ci. Ranar da za a buɗe ƙofar Aljanna, Allah Ya sa a kira ka da sunanka, ka shiga da ƙafarka, kada kowa ya ce ka jira a waje.

Ɗanka mai fushi da kai, mai kewarka,
Habibu