Kamazuru Ja da Baƙi

Litinin, 3 ga Yuni, 1974
Tsafe, taron malaman gona kan rabon irin auduga. Awa huɗu ana tauna magana ɗaya. Da aka tashi, Alhaji Jibo mai dawakai ya aiko a kira ni. Na ɗauka gaisuwa ce, ashe kayan dokin da Baba ya ɗinka masa zai maido. Ya kwance ƙunshin a zaure, bai dube ni ba. Kamazuru, igiyar fatar da mahayi ke jan linzami da ita, ɓarin dama ja, na hagu baƙi. Layun wuya uku rawaya, na huɗu kore. Ya ce, "Shekara talatin tsohonka shina yi man aiki, ban iya kai mai wanga da hannuna." Na ce ya bar min, ni da shi za mu daidaita. Mota ta ratsa Gusau, garin Baba, ina rungume da ƙunshin, ban sauka ba, sai gida Bungudu.

Talata, 4 ga Yuni
Idon Baba ne. Na sani tun bara, ranar da na yi sallama a rumfarsa ya ce min sannu baƙo. Na yi kamar ban ji ba, shi ma haka.

Alhamis, 6 ga Yuni
Huseina ta ga kayan. Wai in je in faɗa masa gaskiya tun sunansa bai ɓaci a garin Gusau ba. Maganar matata gaskiya ce, shi ya sa ta ba ni haushi. Ɗa ya dubi ubansa ya ce masa ba ka gani? Kuma ni, da na guje wa dukanci na tafi makaranta don warin fata. Baduku irin Baba in ka karɓe masa basilla ka gama da shi, ba shi da gona, ba shi da wata hira sai ta aiki. In kuma na yi shiru, wani zai faɗa masa a bainar jama'a. Na kwanta da ciwon kai.

Asabar, 8 ga Yuni
Gara ta cinye tsohon kamazuruna a ɗakin ajiya. Babur ɗin da ofis ya yi alkawari tun bara har yau yana takarda. Na ɗaura wa dokina Bidi kayan Alhaji, ba don ina so ba.

Litinin, 10 ga Yuni
Shu'aibu akawunmu ya leƙo ta taga, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai malamin gwamnati guda, dokinsa ya yi shigar 'yan kama. Sai ya ce, "Makaho yaɗ ɗunka ma wanga?" Bai san kome ba, wasa yake yi. Amma na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce masa shi da ko jaki ba ya iya hawa ya koma kan takardunsa. Na faɗa da zafi fiye da yadda ya kamata, har yamma ba mu yi magana ba.

Laraba, 12 ga Yuni
Ƙauyen Rawayya. Ruwan jiya ya cika rafi, Bidi ya zame a gangare, na ja kamazuru da dukan ƙarfina. Da tsohon ne da na sha laka, ko abin da ya fi laka. Wannan ko motsi bai yi ba. Na yini cikin manoma ina bayanin takin zamani, babu wanda ya dubi wuyan dokina, su damuwarsu iri ya iso kafin shuka ta wuce. To ina ruwan doki da ja ko baƙi? Wanda zai hau don a kalle shi, shi launi ya dama. Ni dai in je in dawo. Haka na yi ta faɗa wa kaina a hanya, amma da na shigo gari sai na tarar na rufe ɓarin hagu da hannun riga.

Juma'a, 14 ga Yuni
Gusau, a mota. Na sami Baba a bakin rumfa ya kai fata har kusa da hancinsa yana juya ta a rana. Da ya ji muryata ya ajiye da sauri. Ya ce, "Ɗanlami, an ce ka tai Tsafe. Alhaji ya yaba?" Na ce ya yaba ƙwarai. Ya yi murmushi, ya ce dama ya sani. Ban taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba sai yau. Abincin Inna ma ban iya ci ba.

Laraba, 19 ga Yuni
Na gaji. Iri bai iso ba, manoma ni suke zagi.

Juma'a, 28 ga Yuni
Babu mota, na hau Bidi zuwa Gusau. Na ce wa kaina mantawa na yi ban cire kayan ba. Ban sani ba ko mantawar ce.

Baba ba ya barin doki ya tsaya a ƙofarsa bai shafa shi ba. Ya fito, ya bi wuyan Bidi da tafin hannu yana yi masa magana, har yatsunsa suka hau kamazurun. Suka tsaya. Ya bi ɗinkin daga sama har ƙasa, ya taɓa layun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wanga ɗunkina na. Na Alhaji na." Ladan ya fara kiran salla, mutane na wucewa suna gaishe shi, yana amsawa. Da suka rage ya ce, "Mi niɓ ɓata?"

Na faɗa masa. Ja da baƙi, rawaya da kore. Na ji kamar ni na yi laifin. Ya daɗe riƙe da fatar, sannan ya ce, "Ɗunkin hwa?" Na ba shi labarin rafin Rawayya. Ya gyaɗa kai. Bai yi min faɗan ƙaryar ba, da ma ya yi. A hanyar masallaci ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

Lahadi, 30 ga Yuni
Inna ta aiko, wai kwana biyu bai buɗe rumfa ba.

Juma'a, 5 ga Yuli
Na tafi tun da safe, na buɗe rumfar da kaina na share. Can sai ga shi ya fito, wai hayaniyata ta hana shi sakat. Maganar asibiti ya ce sai bayan damina, ban matsa ba. Na ware masa fatu, na yi wa kowace tsaga a gefe yadda zai ji da yatsa: ja ɗaya, baƙa biyu, rawaya uku. Na zura masa zare. Ya ce tunda ina zaune banza in riƙe masa ɗinkin ragama. Na yi kamar taƙi ɗaya, ya shafa, ya ce ko akuya ba ya ɗaurewa da wannan. Na warware na sake, sau uku.

Ba dukanci nake koyo ba, taimako ne kafin a duba idon. Hannuna duk warin fata, Huseina ta toshe hanci. Na ce ta nemo min tsohuwar riga ta ajiye, wadda zan riƙa sawa ran Juma'a.