Hoton Ƙwaƙwalwar Baba

Abuja, Litinin

Zuwa ga Yaya Kailani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin Baba? Ya Inna, ya Anti Ummuhani da yara? Allah Ya sa kowa yana lafiya.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don na san duk lokacin da na kira ka Inna na nan kusa ta kasa kunne. Sakamakon gwajin da muka yi wa Baba a cibiyarmu ya fito.

Bari in tuna maka yadda abin yake, tunda ranar kana waje kana ta rigima da mai gadi a kan wurin ajiye mota. Na'urar da muka shigar da Baba ciki ba ta ganin tunani, jini take gani. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini yakan ƙaru a wurin bayan 'yan daƙiƙu. Mun sa masa abin sauraro a kunne, muka riƙa kunna masa gajerun ayoyin nan da ka ɗauka da muryarka ka turo mini. Ni kuma na gaya wa kwamfuta lokacin da kowace aya ta fara, domin ta duba ko jinin ya motsa a bayanta.

Yaya, bai motsa ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe, muke ta fatan ko yana fahimtar mu a ciki. A iya abin da na gani, magana ba ta isa gare shi. Aikina ne, na san abin da nake faɗa. Ka san dabarar da za ka gaya wa Inna.

Ƙanwarka,
Surayya

*

Tudun Wada, Zariya

Dakta Surayya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, yara suna gaishe ki, sun ce alawar da kika yi alkawari har yanzu tana kan hanya.

Na karanta takardarki. Ba zan ɓoye miki ba, wani ɓangare na zuciyata ya huta. Ban samu yin wata dabara da Inna ba, tana ganin fuskata ta gane. Da na gama bayani sai ta ce, "Ni na zauna da Malam, ba na'ura ba." Ta ɗauki kofin kununsa ta shige. Har yau tana zama a gefensa tana ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu a unguwa, har da tsadar tumatir. Mukan yi mata tsiya mu ce ta samu mai sauraron da ba ya musu.

Mun ɗauke shi daga ɗakin kusa da zaure mun mayar da shi na baya, gefen madafa. Tsofaffin ɗalibansa na Tudun Jukun da Hanwa ba sa fasa zuwa, su durƙusa su yi ta gaisuwa ba amsa, ni kuma ina tsaye kamar gunki. Na ce musu likita ta hana. Tunda ba ya ji, me ye amfanin a riƙa baje shi a gaban mutane?

Ke kina can cikin sanyin ofis, ba ki san abin da ake ciki ba. Jiya sau biyu yana ɓata shimfiɗa kafin azahar. Ina sauya masa kaya na ce wa Ummuhani, wallahi na gaji, Allah Ya yanke masa wahala mu ma mu huta. Ta zaro ido ta ce in yi shiru, a gabansa nake fa. Na ce ai Dakta ta ce ba ya ji. Idonsa na ta ruwa, na goge masa, na san ciwon ne yake sa haka.

Ki gaishe da mutanen Abuja.

Yayanki,
Kailani

*

Abuja

Yaya,

Salam. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Ina da tambaya, don Allah ka amsa mini yau.

Na nuna hoton Baba ga shugabar bincikenmu, Farfesa Lauratu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mahaifinki kurma ne?" Na ce a'a, ƙarar ƙofa ma takan firgita shi. Ta ce to me ya sa ko sashen da yake jin sauti bai nuna komai ba?

Na koma na buɗe muryoyin da ka turo ɗaya bayan ɗaya. A gaban kowace aya akwai shiru mai tsawo. Bayan ka danna maɓallin ɗauka, me kake yi kafin ka fara karatu?

Surayya

*

Tudun Wada

Surayya,

Wa alaikumus salam. Lafiya kuwa? Tambayar taki kamar ta ɗan sanda.

Ke ce kika ja mini kunne, kika ce kada in ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da kika rubuto. To ni, ɗan Malam Yusha'u, in buɗe baki in hau karatun Alƙur'ani ba a'uziyya ba bisimilla? Ko kin manta bulalar da muka sha a zauren nan a kan haka? Sai na raba gardama. Ina danna maɓallin, in yi su a zuci, a natse, sannan in ɗaga murya. Kin ga ban ƙara miki kalma ba, ban kuma saɓa wa Baba ba. A wasu wuraren ma na ɗan ƙara jira, don kin san layinmu, acaɓa ba ya wucewa sai ya yi ham.

Na ɗauka kin saurara tun a lokacin. Wani abu ya faru ne?

Kailani

*

Abuja, Juma'a

Yaya Kailani,

Assalamu alaikum. Na fara wannan takarda na goge ban san sau nawa ba.

Ban saurara ba. Na kunna guda ɗaya a waya, na ji shirun, na ce wayar ce take nauyi. Ina cikin ɗokin a ce ni ce na gano wa gidanmu gaskiya, sai na zuba su a kwamfuta yadda suke. A ƙa'idar aikinmu dole ne a auna ainihin lokacin da sauti ya shiga kunnen mutum, domin jinkiri kaɗan yana iya ɓata komai. Ni nake koya wa ɗalibai wannan. Na gaya wa kwamfuta ayar ta fara, alhali kai kana cikin a'uziyya. Ta duba ƙwaƙwalwar Baba a lokacin da babu abin da yake ji, ta ce babu motsi. Kafin jininsa ya amsa karatunka ta riga ta kawar da kai.

Na auna shirun da ke gaban kowace aya, na gyara lokutan, na sake lissafin a gaban Farfesa. Yaya, sashen ji ya haska. Wuraren da suke aiki idan mutum yana sauraron magana mai ma'ana su ma sun haska, waɗanda ciwon bai taɓa ba. Farfesa ta ce gwaji ɗaya ba ya isa a ce ga iyakar abin da yake fahimta. Ta kuma ce ko da hoton farko daidai ne, bai kamata in yanke hukuncin da na yanke ba. A gaban ɗalibaina ta faɗa, kuma ban ji zafin wannan ba ko kaɗan.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne takardarka ta farko. Na sake karanta ta. Ɗakin baya, da ɗalibansa da aka kora da sunana, da maganar da ka yi kana sauya masa kaya, da ruwan idon da ka goge. Ni na ba ka izini. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa ɗaga wayar Inna da ta kira ni jiya.

Don Allah ku mayar da shi ɗakinsa. Ku riƙa yi masa tambayar da amsarta e ko a'a ce, ku ce ya lumshe ido idan e ne, kuma ku jira shi, kada ku yi gaggawa. Ni ban san da wane ido zan dube shi ba. Ka bar ni tukuna.

Ƙanwarka,
Surayya

*

Tudun Wada

Surayya,

Wa alaikumus salam.

Mun mayar da shi ɗakin kusa da zaure. Inna ba ta yi mana gori ba, da ma ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na shiga ni kaɗai, na durƙusa yadda muke yi muna yara. Na ce, "Baba, idan kana ji na ka lumshe ido." Na jira har na fara cire rai, sai ya lumshe. Na ce, "Ka ji abin da na faɗa wa Ummuhani ranar nan?" Ya lumshe. Na ce, "Baba, ka yafe mini?" Ya zuba wa rufin ɗaki ido, har aka kira magariba bai lumshe ba. Inna ta ce in tashi in tafi masallaci, gobe ma rana ce. Kullum ina komawa ina tambaya.

Kin ce in bar ki tukuna. Jiya Inna ta ambaci sunanki a ɗakin, ya juyo da kai da ƙyar ya dubi ƙofa, ya daɗe yana kallo. Ki shigo mota ki zo.

Yayanki,
Kailani